Ɗan Afirka Mai Jin Malay

A shekarar da aka kulle Kuala Lumpur saboda korona, mu biyu ne a gida ɗaya a Taman Melati, hawa na tara: ni da wani Bakatsine da na girme wa shekara huɗu. Dukanmu digiri na uku muke yi a fannin lafiyar al'umma, malamarmu ɗaya. Ni na tarbo shi a filin jirgi ranar da ya zo, ni na koya masa cewa tapau idan yana so a ƙunshe masa abinci ya taho da shi gida. Amma cikin shekara biyu ya iya Malay kamar a nan aka yanke masa cibiya, ni kuwa ban wuce gaisuwa da tambayar farashi ba.

Da aka fara maganar allurar rigakafi, mutane na ta tsoro, sai ya soma ɗaukar gajerun bidiyo yana yi musu bayani da Malay. Ni ke riƙe masa waya. Sau da yawa ma ni ke tsara abin da zai faɗa, don na fi shi karatu, shi ma ya san haka. Da farko ba mai kallo sai 'yan ajinmu. Wata safiya muka tashi muka tarar bidiyo ɗaya ya karaɗe gari.

Daga nan abubuwa suka canja. Mai kedai mamak, wato shagon abincin da ke ƙasan bene, inda muke sayen shayi da roti, ya fara ƙara masa ƙwai kyauta. Ni in na je sai ya leƙo ta saman takunkumi ya ce, “Kai ne abokin Dakta ko?” Har mahaifiyata ta kira daga Kano. “An turo min hoton yaron gidanku yana magana da yarensu,” in ji ta. “Kai me ya sa ba ka yi?” Na ce mata karatu ya sha min kai. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Sai wani gidan talabijin ya gayyace shi shirin safe. Tunda ba fita, ta kwamfuta za a yi, daga falonmu. Ya ari hulata zanna, wadda nake ajiyewa don sallah, na ba shi ina murmushin yaƙe. Na zauna a gefe inda kyamara ba ta kamo ni, ina kallon shirin a wayata.

Baƙi biyu ne. Ɗayan wani Bature ne, ɗalibi kamar mu, a wata jami'a daban. A ƙasan hotonsa aka rubuta sunansa, aka ƙara da “masanin lafiyar al'umma”. A ƙasan na abokina aka rubuta “Ɗan Afirka mai jin Malay”, ba suna. Baturen aka tambaya yadda allurar ke aiki a jiki da wanda ya kamata a fara yi wa. Da aka juyo kan abokina, mai gabatarwa ta tambaye shi inda ya koyi yaren, da ko yana iya cin durian, ɗan itacen nan nasu mai wari. Ya yi dariya ya amsa. Sai ta gyara zama ta ce mutane da yawa suna cewa 'yan ƙasarsa damfara ta intanet suke zuwa yi, shi me zai ce?

Na ga gumi ya tsattsafo masa a ƙasan hula. Ya ce shi ɗalibi ne, ya zo ne ya yi magana kan rigakafi. Kafin ya ƙarasa ta yi masa godiya, aka tafi talla.

Gaskiya zan faɗa: wani sanyi na ji a ƙirjina. Na san abin da aka yi masa ba daidai ba ne, na san da ni ne a kujerar haka za a yi min, amma duk da haka daɗi na ji.

Washegari wata jarida ta buga hotonsa da babban kanu, wai ɗan Najeriya ya musanta damfara. Ya same ni a kicin ina dafa taliya.

“Malam, ka ga abin da suka rubuta?”

“Na gani. Ai kai ma ka cika son fitowa.”

Ya kalle ni, ya juya ya koma ɗaki. Kwana biyu bai ɗauki bidiyo ba, abinci ma sai na ƙwanƙwasa masa. A rana ta uku na ji shi yana waya da mahaifinsa, yana rantsuwa cewa bai yi laifin komai ba, 'yan sanda ba sa nemansa. Ashe labarin ya kai Katsina a murɗe. A nan kunya ta kama ni.

Bayan azahar na zauna na rubuta wa jaridar martani da Turanci. Na jera tambayoyin da aka yi wa Baturen da waɗanda aka yi masa, na bar mai karatu ya gani da idonsa. Ban taɓa rubutu mai kyau kamarsa ba. Ya karanta ya rungume ni duk da dokar tazara, ya ce, “Allah ya bar zumunci, Malam.”

Washegari jaridar ta buga, da sunansa a ƙasa, tunda shi aka yi wa laifi. Mutane suka yi ta yaɗawa. Da la'asar malamarmu ta kira shi, ina jiyo muryarta daga inda nake wanke kwanuka, tana cewa ba ta san yana da alƙalami haka ba. Na yi ta dirzar tukunya ɗaya har ya gama wayar ya shigo.

“Na faɗa mata kai ka rubuta,” ya ce.

“Me ta ce?”

Ya sosa ƙeya. “Ta ce in gaishe ka.”