Watan da muka je nema a La Courneuve

Ko da zan manta komai na zamana a Faransa, jajibirin ƙaramar sallar da na yi a La Courneuve ba zai fita raina ba. Lokacin ina karatun digiri na uku a Lyon, katin izinin zamana a ƙasar ya kusa ƙarewa, takarduna suna gaban hukuma ana duba sabuntawa. Kuskure kaɗan, sai a mayar da ni gida Zinder hannu rabbana.

Na zo La Courneuve, a gefen Paris, yin salla wurin kawuna, tsoho mai taurin kai, wanda bai yarda da sanarwar waya ba sai idonsa ya ga jinjirin wata. Da magariba ta gabato ya ja ni filin bayan bene. Na duba inda wayata ta nuna watan zai tsaya, na ce, "Kawu, ga shi can saman dogon ginin nan." Ya ce, "Ina? Kai yaro, ni ban ga komai ba." Ni kuwa sarkin iyawa, sai na zaro 'yar fitilar lazar mai koren haske da nake nuna rubutu da ita a aji, na cilla hasken sama ina zagayawa. Na ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu, amma wallahi ban kawo komai a raina ba.

Ba mu gama gardama ba motar 'yan sanda ta tsaya. Suka karɓe fitilar, suka sa mu a mota. Kawu yana ta salati, ni ina tambayar me muka yi.

A komisariya, wato ofishin 'yan sanda, aka raba mu. Ɗan sandan da ya zauna da ni ya ce haska jirgi da lazar laifi ne mai ɗauri da tara mai nauyi, haka ma haska idon ɗan sanda, kuma jirgin nasu ne. Sai ya jefo tambayar da ta ƙarasa rikita ni: "Wace ce matar da kuke nema?"

Mata kuma? Na ce ban gane ba. Ya ce tsohon ya riga ya amsa cewa wata mata muke nema da hasken, kuma matuƙiyar jirgin mace ce. Ya tsare ni da tambaya: yaya aka yi muka sani? Wa ya gaya mana? Na rantse, na sake rantsewa. Har na fara zargin ko Kawu ya ruɗe, ko kuwa ni ne Faransancina ya gudu. Ina magana, ina ganin shekaruna huɗu na karatu suna zubewa.

A can muka kwana. Da safe, ana can ana sallar idi, aka haɗa mu da 'yar Kawu, ma'aikaciyar asibiti da aka haifa a nan. Ashe tsoro ya kwashe Faransancin tsohon, ita aka kira da daddare ta yi masa tafinta ta waya. Ya ce mata, "Wata muke nema." Ita kuwa Hausarta ta ɗakin girki ce, sai ta juya musu cewa wata mace muke nema.

Kawu ya daka mata tsawa: "Ke! Watan sama, na salla! Da furfurata zan bi wata?" Ta rufe baki tana cewa, "Pardon, Baba, pardon." Ɗan sandan ma sai da ya murmusa.

Ni ma na fara dariya, na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Sai ya karanto mini bayanin matuƙiyar. Hasken ya cika mata gilashi, ta daina gani na ɗan lokaci, alhali a ƙarƙashinta benaye ne cike da mutane suna shirin buɗa baki. Dariyar ta maƙale mini. A ɗaya daga cikin benayen nan matar Kawu take soya mana ƙosai.

Alƙali ya yarda ba da gangan na yi ba. Ya ci ni tara, bai ɗaure ni ba. Na koma Lyon na yi watanni ina duba akwatin wasiƙa kullum, kafin katin ya fito.

Tun daga ranar na daina fakewa da "ai ban yi nufi ba". Da jirgin nan ya faɗo, kyakkyawar niyyata ba za ta tashi ko mutum ɗaya ba.