Katin da ya iso bayan Baba

Na fara aiki a labo, ɗakin gwajin jini, na wani ƙaramin asibiti kusa da Madawa ina saurayi. Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne Kirista, kowa Baba yake ce masa. Muna da na'urar auna jini guda ɗaya, tsohuwa, haɗe da wata kwamfuta wadda farinta ya koma ruwan ƙasa. Abin da ke sa su fahimci juna wani kati ne kore, mai haƙoran tagulla, da aka soke a cikin kwamfutar. Baba yana nan ranar da aka kawo su, shi kaɗai ya san halinsu.

Bayan wasu shekaru, wata damina, da la'asar, aradu ta faɗi kusa da mu, wuta ta ɗauke. Da ta dawo, kwamfuta ta tashi, na'ura ma ta tashi, amma sakamako ya ƙi fitowa. Baba ya buɗe kwamfutar, ya zaro katin, ya shinshina.

"Ya ƙone, ɗana," ya ce.

Na ce ai sai mu sayo wani. Ya yi dariya kaɗan.

Na bi masu gyara na Madawa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya juya katin sai ya ce an daina irinsa, sababbin kwamfutoci ma ba su da ramin da yake shiga. Aka ce mini akwai tsofaffin kaya a wani ofis a Buza. Na hau moto na je, na samo mai kama da shi. Ya shiga ramin daram, amma na'ura ba ta amsa ba.

Muka koma ƙirga ƙwayoyin jini da ido a madubin likita. Lokacin zazzaɓi ne, mata daga Bangi da ƙauyukanta suna zaune a tabarma da yara masu fararen idanu, suna jira. Idon Baba ya riga ya yi rauni. Yakan ɗago kai, hawaye na zuba saboda gajiya, ya ce, "Zo ka duba mini wanga, ban gani sosai."

Daga baya wani ɗan'uwan matata da ke karatu a waje ya ga hoton katin, ya ce zai bincika wajen masu sayar da tsofaffin kaya. Kafin ya samu, Baba ya kwanta ciwo. Duk ranar da na je gaishe shi, kafin ya amsa gaisuwa sai ya ce, "Ya zo?" In ce, "Yana hanya, Baba."

Bayan girbi muka binne shi. Da yake ni Musulmi ne, na tsaya a bayan majami'a har aka gama.

Katin ya iso lokacin sanyi, cikin wata leda mai ƙyalli. Na soke shi, na kunna, sakamako ya fito. Abokan aiki suka yi ta tafi. Ni kuwa na fita waje na zauna a gindin itacen bedi, na daɗe ban iya komawa ciki ba.