Mangwaron Kawu Mai Tsani

A layinmu, in ka ce Kawu Mai Tsani, har yaron goye ya san wanda kake nufi. Ni dai ƙanin mahaifiyata ne na gaske, sauran jama'a aron kawun suka yi. Tsohon kafinta ne, gajere, ga faɗan tsiya, kuma shi kaɗai ke da tsanin da ke kaiwa saman kwano.

Da gidajen layin suka fara sa sola, kowa tasa ta fisshe shi. Gidan Malam wuta tana zaman banza da rana don duk sun tafi makaranta, shagon Tela kuwa kafin la'asar keken ɗinki ya tsaya cak. Kawu ne ya bi gida gida yana mita, har aka gaji aka haɗa wayoyi zuwa babban batir a zaurensa. Mai rara ya zuba, mai buƙata ya ɗiba. Dokarsa ɗaya ce: ba a jona dutsen guga sai rana ta take. Wankin farantan sola kuma ya ɗauke wa kowa. Da safe za ka hango shi a sama da bokiti da tsumma, yana yi wa tattabaru faɗa kamar suna jin magana.

Abu ɗaya ya fi wutar nan daraja a wurinsa, wato mangwaron tsakar gidansa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ta dasa shi shekarar da suka tare. Tun da ta rasu, shi ke share ƙarƙashinsa, a nan yake cin abinci, kuma duk yaron da ya jefi itacen sai ya raina kansa.

Sai Mai Kaji, maƙwabciyarmu da ke riƙe da marayunta ita kaɗai, ta sayi injin ƙyanƙyasa. Zubin farko batir ya mutu kafin gari ya waye, ƙwai suka huce, ko ɗan tsako ɗaya bai fito ba. Ta tattara abin da ya rage mata ta sake zubawa. In wannan ma ya lalace, sai dai ta sayar da injin.

Aka taru a zauren Kawu ana nuna wa juna yatsa. Tela ya rantse matar Malam na guga a ɓoye. Ita kuma ta ce ya fara kashe fankar da yake bari tana yi wa bango fifita. Abin da ya ba ni tsoro shi ne Kawu bai ce uffan ba, mutumin da ko tari ka yi sai ya gyara maka. Can dai ya ɗago kai.

"Ku bar baiwar Allah da gugarta. Jiya na wuni a kan kwanon Tela. Daga la'asar inuwar mangwarona ke hawa farantin ƙarshe. Farantan nan kuwa kamar masu miƙa bulo suke, in ɗaya ya rage hannu, duk layin ya rage."

Mai Kaji ce ta fara magana.

"Kawu, don Allah a bar itacen Inna. Na haƙura da kajin."

Tela ya ce a kira mai gyara ya matsar da farantan, ko da zai ɗauki kwanaki kafin ya zo. Kowa ya ce haka za a yi, aka watse.

Washegari da hantsi na ji ƙarar zarto. Na tarar da shi a kan tsani, ba ko mai riƙe masa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kama tsanin ina faɗa.

"Haba Kawu, ba an ce a jira mai gyara ba?"

"Ke za ki gaya wa ƙwai su jira? Riƙe da kyau, kar ki kayar da ni."

Ya yanke duk rassan sama, masu fure ma bai bari ba. Da ya sauko sai ya tsaya yana kallon abin da ya rage. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba, ban kuma taɓa alfahari da shi haka ba.

Ƙwan sun ƙyanƙyashe. Mai Kaji ta kawo masa 'yan tsaki cikin kwali, ta same shi zaune a wurinsa na kullum, rana na dukan tsakar kansa, kwanon abinci a gaba. Ta durƙusa, sai hawaye.

"Tashi, 'yar nan," in ji Kawu, yana shafa gindin itacen. "Ai da Innarku na nan, ko zarton ba za ta bari in riƙe ba. Ita za ta hau."