Matakalar Likitan Barci

Likitan Barci dogo ne siriri, mai sanyin murya, irin mutanen da sai an matsa kusa kafin a ji abin da suke faɗa. A ɗakin tiyata wurinsa ɗaya ne, wato wajen kan majiyyaci, bayan ƙyallen da ake ratayawa tsakanin fuska da inda wuƙa za ta shiga. Shi ke sa mutum barci kafin a yanka, shi ke tsaron numfashinsa da bugun zuciyarsa muddin ana aikin, shi ne kuma ke tashinsa idan an ɗinke. Idonsa na kan na'ura, yatsansa na kan jijiyar wuyan majiyyaci, kamar ba ya yarda da ɗaya sai ɗayan ya ba da shaida. Idan mutum ya warke, likitan fiɗa ake nema a yi wa godiya, kuma hakan bai taɓa damunsa ba.

Likitan fiɗan abokinsa ne tun suna ɗalibai, mutum mai ƙiba da yawan zance. Yakan leƙo ta saman ƙyallen ya ce, "Kai kam ka more, aikinka zama da kallon mai barci."

"Aikina shi ne ya tashi," in ji Likitan Barci. "Kwantarwa ai ko kai ka iya, da wannan surutun naka."

Yana da wata ɗabi'a da duk ma'aikatan asibitin suka sani. Kafin ya yarda a kwantar da dattijo ko mai ƙiba, bayan ya duba sakamakon gwaje-gwaje, sai ya ce masa, "Zo mu ɗan taka." Zai ja shi da hira ta doguwar barandar asibitin har gindin matakalar bene, su hau tare, yana tambayarsa iyali da sana'a. Ba amsar yake saurara ba, numfashin da ke ɗauke da ita yake saurara. Yakan gaya wa ƙananan likitoci cewa tiyata a wurin zuciya hawan tudu ce da kaya a ka, kuma zuciyar da bene ya gagara ba a ɗora mata tudu.

A duniya mutum ɗaya ce ba ta kiransa likita, ita ce yayarsa. Mahaifiyarsu ta rasu ko yaye shi ba a yi ba, sai Yaya ta goya shi tun ita ma ba ta gama girma ba. Da keken ɗinki ta riƙe gidan har ya yi karatu, kuma har furfura ta cinye masa kai, Auta take ce masa a gaban kowa. Idan ya kai mata ziyara ya ɗauko abin awon jini, sai ta ture hannunsa.

"Ajiye wannan igiyar, Auta. Gaisuwa ka zo ko bincike?"

Da cikinta ya fara kumbura tana rama, ɓoyewa ta yi, har sai da babban ɗanta, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya ya ga zanenta ya yi mata yawa. Shi ya ɗauko ta ya kawo asibiti. Hoto ya nuna ƙari a cikinta, babba, ya kama hanji. Likitan fiɗa ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce zai iya cirewa, amma aikin mai tsawo ne kuma za ta zubar da jini sosai. Idan ba a cire ba, 'yan watanni ne suka rage mata.

Iyali suka ji kalmar "zan iya" suka riƙe ta. Direban ya fara neman masu ba da jini a cikin abokan aikinsa. Yaya kanta ta sami ƙarfin gwiwa, har tana yi wa matan ɗakin jinya alkawarin ɗinki idan ta fita.

"Kai za ka kwantar da ni," ta ce wa ƙanenta da ya shigo duba ta. "Na sha kwantar da kai kana tsala ihu, yau sai ka rama."

"Ba a barin mutum ya yi wa nasa, Yaya. Abokiyar aikina za ta yi."

"Wannan 'yar mai tabarau? Ta iya kuwa?"

"Ni na koyar da ita."

"To, da sauƙi."

Ita likitar mai tabarau ce ta tare shi a ofis, ta rufe ƙofa. Ta ce hoton zuciyar bai yi mata daɗi ba, zuciyar ta buɗe kuma bugunta ya yi rauni, amma abin yana kan iyaka. Wani zai ce a yi, wani zai ce a bari. "Malam, kai ka fi ni gani. Abin da ka ce shi zan bi."

Da hantsi ya je gadon Yaya ya ce ta zo su ɗan taka. Ta yafa mayafi tana murna, domin zaman gado ya ishe ta. Suka bi baranda a hankali, tana ba shi labarin wata maƙwabciyarta da ta kawo yadi ɗan ƙarami tana son riga da zane da ɗankwali. A gindin matakala ta kama ƙarfen gefe ta fara hawa, labarin na ci gaba. Kafin su kai inda matakalar ke juyawa, maganar ta fara yankewa, kalma biyu sai numfashi. A kan juyin ta tsaya cak, ta jingina da bango. Leɓenta ya yi duhu, jijiyar wuyanta ta taso tana harbawa.

"Bari in... huta kaɗan," ta ce. "Wane ne... ya gina wannan abu... don Allah?"

Ya riƙe hannunta kamar mai taimako, yatsansa a kan jijiya. Ya ga irin wannan tsayuwar a wurin mutane da yawa, ya kuma san abin da yake faɗa wa iyalansu. Ya so ƙwarai a ce yau bai sani ba. Suka zauna a kan matakalar, ma'aikata na ratsa su suna gaishe shi, har numfashinta ya dawo.

Ta dube shi ta gefen ido. "Ba yawo ka kawo ni ba ko, Auta?"

"A'a, Yaya."

"Na faɗi jarrabawar ke nan."

Ya gaya mata gaskiya, da irin kalmomin da ya saba gaya wa baƙi. Ya ce kwantar da ita ba wuya, tashin ne yake tsoro. Mai yiwuwa zuciyar ta tsaya a kan teburin tiyata, ko kuwa ta ƙare kwanakinta da bututu a maƙogwaro, ba ta san wanda ke kanta ba. Mai yiwuwa kuma ta tashi, domin ya taɓa ganin waɗanda suka ba shi kunya. Idan an bari, ƙarin ba zai bar ta ba, amma za ta yi sauran kwanakinta a ɗakinta, da hankalinta, kuma zai tsare mata zafin ciwon.

"Bar zagaye-zagaye," in ji ta. "Da kai ne, za ka hau teburin?"

Ya san duk abin da ya fito daga bakinsa shi za ta bi.

"Ba zan hau ba."

"To kira yaron nan ya mai da ni gida."

Direban bai karɓi maganar ba. A barandar ya tsaya gaban kawunsa, idanunsa jajur, yana ƙoƙarin rage murya. "Kawu, mai wuƙar da kansa ya ce zai iya. Shekara da shekaru kana kwantar da iyayen mutane suna tashi, sai a kan tawa uwar hannunka zai yi sanyi?"

"Ba hannuna ba ne, zuciyarta ce."

"Ka ba ta dama mana. Ko ɗaya cikin goma ne, ai dama ce. A gida me za ta samu?"

Likitan Barci ya wuce ɗakin tiyata. Likitan fiɗa ma, da suka haɗu wajen wanke hannu, bai yi tsokana ba ranar. Ya ce kawai, "Da ka ce a yi, da na yi." Ya amsa masa da cewa ya sani.

Yaya ta koma gida ta yi watannin da aka ce, har ta ɗan zarce. Kullum idan ya tashi daga aiki sai ya biya, ya yi mata allurar rage zafi, ya gyara mata matashi, ya zauna. Da fari tana zama a ƙofar ɗaki jikoki na kewaye da ita, tana raba musu faɗa. Daga baya abinci ya daina zama, ta koma ruwa, ta ƙanƙance har yana iya ɗaga ta da hannu ɗaya a canza shimfiɗa. Makonnin ƙarshe sun yi tsanani fiye da yadda ya yi mata alkawari. Akwai ranakun da allurar ba ta kai ba, tana cije mayafi don kada yara su ji, shi kuwa yana zaune riƙe da ƙafarta yana tunanin teburin da ya hana ta. Ba ta taɓa ce masa ya yi kuskure ba. Idan direban ya shigo ya tarar da shi, sai ya gaida uwarsa ya fita.

Ta rasu wata rana da rana tsaka, yana ɗakin tiyata a kan wani majiyyaci. Ba a gaya masa ba sai da mutumin ya farka.

Bayan masu ta'aziyya sun ragu, direban ya same shi zaune shi kaɗai a tsakar gida. Ya durƙusa nesa kaɗan, kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Kawu, abu ɗaya zan tambaye ka, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Da an yi aikin, da ta tashi?"

Kalma ɗaya za ta wadatar. Da ya ce a'a, da yaron ya sami abin riƙewa, shi ma da ya sami ɗan yayarsa. Amma bai taɓa faɗa wa iyalin majiyyaci abin da bai tabbatar ba, kuma bai iya farawa a ranar ba.

"Ban sani ba," ya ce. "Har gobe ina ganin ba za ta tashi ba. Amma ban sani ba."

Direban ya gyaɗa kai, ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. "Allah ya ba mu haƙuri, Kawu."

Tun daga nan ba su yi faɗa ba, ba su kuma shirya ba. Idan sun haɗu a sha'anin dangi, direban yakan durƙusa ya gaishe shi cikin ladabi, ya tambayi aiki, ya wuce. Da aka haifa masa 'ya mace aka sa mata sunan marigayiya, a bakin wata 'yar'uwa Likitan Barci ya ji. Ya sayi kayan jarirai ya aika, aka aiko masa da godiya.