Littafin Yaya Hadiza a Teburin Mai Tsire

Da gudu na isa wajen Baba Sani mai tsire a Kawo, takalmina ɗaya a hannu.

Tsokana ce ta jawo min. Yaya Hadiza na da wani tsohon littafi tun tana firamare, labarin yaran da jirginsu ya kai su wata duniya cikin taurari. 'Yarta ba ta yarda ta ci abinci sai an karanta mata shi. Na cusa shi cikin tsofaffin jaridu don in ga idon Yaya. Ashe Umma ta kwashe jaridun ta aika wa Baba Sani na naɗe nama!

Na tarar da shi riƙe da littafin, nama yana ta ƙauri.

"Baba, ba ka dai yage shi ba ko?"

"Yi min shiru, ɗan nema." Ya juya shafi, can ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi, sun dawo gida!"

"Su wa?"

"Yaran mana! Mun yi irin littafin nan a makarantarmu a Katsina, amma ƙarshensa ya cire. Tun ina yaro na bar su a sama, ga shi har na yi furfura."

"To Baba, juya tsiren kafin shi ma ya tashi sama."

Na karɓo littafin ba abin da ya same shi, sai ƙamshin yaji. Yaya ta shinshina, ta harare ni, na ce albarka ce.

Ku fa, wane labari kuka bari a sama tun kuna yara?