Mutumin da Ya Tare Mana Ƙofa

Eustace Modeste bai taɓa burge kowa da fara'a ba. Daga tsibirin Grenada ya zo New York a jirgin ruwan dakon ayaba, ya shekara tara yana haƙa hanyar mota a ƙarƙashin kogi, sannan aka ba shi tsaron ɗakin iska. Ta ɗakin nan muke shiga rami, a matsa mana iska don ta tare ruwa. Ta nan muke fita, a sassauta ta a hankali. Wanda iskar ta maƙale wa a jini, gaɓoɓinsa za su yi ta sara, wani ma ƙafafun sun tafi ke nan.

Shekarar da na yi aure, sati uku ban leƙa rami ba. Na dawo ina jin ƙarfi kamar sabon doki, sai Eustace ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ango, rabin aiki yau. Haka har sati."

"Haba Baba Eustace! Shekarata shida a ramin nan. Hutu fa na je, ba jinya ba."

"Hutun ne abin tsoro, sakarai. Kai ka san rami, jininka ya manta. Ni ma gida na je binne uwata, na dawo na faɗa aiki gaba ɗaya. Ka ga yadda nake jan ƙafa?"

"Amarya ta gama da shi!" in ji wani yana nuna ni, aka kwashe da dariya.

Na ji haushi ƙwarai. Kofi mai zafin da yake miƙa wa kowa in an fito, nawa sai dai ya huce.

Da bazara aka yi yajin aiki na wata guda. Ranar komawa Eustace ya sa mu duka a rabin aiki, shugaban aiki na ta kumfar baki. A ɗaya bakin kogin, inda wasu ma'aikatan ke haƙowa daga can, babu wanda ya tare ƙofa. Mutum huɗu aka kwaso, cikinsu har aminina Declan Furey, wanda bai sake takawa ba. A ɓangarenmu ko mutum ɗaya bai kwanta ba.

Ban iya godiya da baki ba, shi ma ba ya son ji. Amma na gode masa, har yau ina gode masa.

Da ya rasu, cocinsu a unguwar Bronx matakala goma sha bakwai gare ta. Mu shida da ya taɓa korowa daga ƙofa muka ɗauki akwatinsa, duk da furfura, muka hau da ƙafafunmu.