Zoben da Ya Daina Ƙwanƙwasa Gilashi

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, ina ofis aka bugo mini waya cewa Anti Zobe ta cika. Kwana tara ta yi a asibiti, ban je na duba ta ba. Abin da ya hana ni zuwa shi ya zaunar da ni rubuta wannan.

Anti, shekara goma sha ɗaya ina sharhin ƙwallo a gidan rediyonmu, kina bayan gilashi kina kula da sauti. Ke kika koya mini tazarar da ake bari tsakanin baki da makirufo. Ranar da muryata ta dishe ana tsakiyar wasa, ke kika sa wa masu sauraro kiɗa, kika shigo mini da ruwan ɗumi a kofinki. Aku kike ce mini saboda surutuna, kuma ban taɓa jin haushi ba.

Naki laƙabin daga zoben azurfarki ya fito. Duk sanda ɗayanmu ya saki maganar da ta ƙasƙantar da mata, ba kya kashe masa makirufo, alhali maɓallin yana ƙarƙashin yatsanki. Sai ki ƙwanƙwasa gilashin da zoben, ƙwas ƙwas. Ɗan wasa ya ɓarar da fanareti na ce ya buga kamar mace, ƙwas ƙwas. Abokin sharhina ya ce alƙaliyar wasa ta koma ta duba tukunyarta, ƙwas ƙwas. Ana tashi mu dasa gardama. In ce, "Haba Anti, raha ce fa, kowa haka yake faɗa." Ki ce, "Aku, 'yarka tana jin rediyo ko ba ta ji?" Wani lokaci nakan ci gardamar, ki yi dariya ki ce yau kam hannunki ya yi sauri. Sau da yawa ke ke ci, in tafi ina ƙunƙuni.

Sai ranar wasan ƙarshe na mata, da mai tsaron gida ta tare fanareti uku. Daɗi ya ɗebe ni, na ce kyakkyawa irin wannan, da ni ne mahaifinta ba zan bari rana ta ɓata mata fuska ba. Kika ƙwanƙwasa. Wallahi raina ya ɓaci, don a ganina yabo na yi. Muna fitowa na ɗaga miki murya a gaban ma'aikata, na ce kin fiye neman laifi inda babu shi. Kika dube ni kika ce, "Uku ta tare, Aku. Ka faɗi yadda ta tare ko ɗaya?" Kika zare zoben kika jefa a jaka, kika ce kin daina.

Mako bakwai muna aiki tare, gaisuwa kawai. A mako na uku na saurari faifan wasan ni kaɗai. Kusan minti huɗu na yi a kan fuskar yarinyar nan, ban ambaci hannayenta ba. Na ce ranar Litinin zan same ki in ce kin yi gaskiya. Litinin ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Da kika kwanta, kunya ta hana ni asibiti, na ce sai kin fito. Kaico!

Asabar ɗin da ta wuce abokin sharhina ya sake yin irin tasa. Idona ya tafi kan gilashin da kansa, na ga sabon ma'aikacin da ya maye gurbinki yana ta dariya. Daga ƙarshe ni ma na ɗan murmusa. Yanzu kuma sai in ɗauko magana in tsaya a tsakiya, ban san wadda ta dace da wadda ba ta dace ba, babu kuma wanda zan tambaya.

Da na je gaisuwa, babbar 'yarki ta ce mini sun ga zoben a aljihun jakarki, tana mamakin me ya sa kika daina sa shi. 

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Maigidanki da 'ya'yanki da 'yan uwanki, Allah ya ba su haƙurin wannan rashi. Ni kuma ban san ko kin yafe mini ba, kuma ba ni da hanyar sani. Kin yi gaskiya, Anti. Uku ta tare: biyu da hannun dama, ɗaya da ƙafa.